Ayilan ta yi sama da shekara 90 tana kulle mashaya ran Juma'ar Ista: addini ne ko al'ada?

Dan_Fagge_a_Dublin:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni, musamman ga 'yan'uwanmu Kirista da waɗanda suka riga mu zama a ƙasar nan. Ista ta ƙarato, sai hira ta kai mu kan wata doka da aka daɗe ana bi a nan Ayilan. Daga 1927 har zuwa 2018 ba a sayar da giya ran Juma'ar Ista, wato Juma'ar da ke gabanin Lahadin Ista. Mashaya a garƙame, manyan kantuna ma sai su killace ɓangaren kwalabe. Ran Kirsimeti kuwa har gobe haka dokar take. Abin da ya ɗaure min kai, mutanen nan ba su ɗauki giya haram ba. To abin da ya halatta ran Alhamis, me ya same shi ran Juma'a? In kuma addini ne ya hana, yaya aka yi 'yan majalisa suka zauna suka ɗage? Wallahi ba izgili nake ba, sani nake nema.

Ladi_Zonkwa:
Sannu ɗan'uwa, tambayarka ba ta da aibi. Ni Katolika ce, kuma coci ba ta taɓa ce mana giya ta haramta a wannan rana ba. Abin da aka ɗora mana azumi ne da barin nama. Azumin kuma ba irin naku ba ne na asuba zuwa faɗuwar rana. Mutum zai ci abinci sosai sau ɗaya, sai ɗan taɓa-ka-lashe sau biyu, wanda in an haɗa ba zai kai cin ƙoshi ɗaya ba. Wannan yana kan wanda ya kai shekara 18 bai shiga ta 60 ba. Barin nama kuwa tun daga shekara 14.

Ranar makoki ce a wurinmu, don a bangaskiyarmu ran nan aka gicciye Yesu. In ka leƙa coci za ka tarar an kwashe mayafin bagade, ba fure, ba a kaɗa ƙararrawa, ba a yin Mas, wato babbar sujadarmu. Ƙarfe uku na rana ake taruwa a karanta labarin shan wuyarsa, a fita shiru. Ka ɗauka ana zaman makoki a gidanku, maƙwabci ya kira masu kalangu ƙofar gida. Biki ba laifi ba ne, ranar ce ba tasa ba. Abin da mutanen Ayilan na da suka gani game da mashaya ke nan.

Bitrus_Pankshin:
Anti Ladi, ki ce "mu Katolika", kada Malam ya tafi da cewa duk Kirista haka suke. Mu da muka tashi a COCIN, da 'yan'uwanmu na ECWA, ba mu san wata ranar shan giya ba balle ranar hutunta. A ƙauyukanmu alamar mutum ya zama mai bi ita ce ya bar tukunyar burkutu. Dattijon coci aka gan shi a gidan burkutu, horo za a sa shi, ya koma bencin baya, ba zai ci Jibin Ubangiji ba sai ya tuba. A Jibin ma ba ma sa abin da ke bugarwa. Afisawa 5:18 na nan.

Ladi_Zonkwa:
Bitrus, ayar cewa ta yi kada a bugu. Kuma a bikin Kana ba kunun zaƙi aka kawo wa baƙi ba. Amma na yarda, a gida Najeriya coci-coci sun bambanta ƙwarai a kan wannan.

Sarkin_Gardama:
To fa. Tun ba a je ko'ina ba masu abin sun rabu biyu.

Malam_Tsoho_Zariya:
Bari in sa baki ta fuskar tarihi, don dokar ba daga coci ta fito ba, daga gwamnati ta fito. Ayilan ta samu mulkin kanta daga Ingila a 1922, aka shiga yaƙin basasa, aka fito a 1923. Sabuwar gwamnati tana son nuna wa duniya cewa mutanenta masu kamun kai ne, don Ingilishi sun daɗe suna yi musu gorin shaye-shaye. Ministan shari'a na lokacin, Kevin O'Higgins, shi ya tsaya kai da fata a rage yawan mashaya da awoyin buɗe su. Dokar 1927 ta ware kwana uku a shekara: Juma'ar Ista, Kirsimeti, da 17 ga Maris, ranar Waliyi Patrick. A watan Yulin shekarar aka harbe shi har lahira yana kan hanyar zuwa coci, amma wannan rigimar siyasa ce, ba ta giya ba.

Kafin shi ma akwai tushe. Wani fada, wato limamin Katolika, mai suna Theobald Mathew ya fara gangamin rantsuwar barin giya a Cork a 1838, jama'a suka yi ta tururuwa. A 1898 kuma aka kafa ƙungiyar Pioneer ta Katolika masu alkawarin ba za su sha ba har abada, suna maƙala ɗan baje a ƙirji. A lokacin da aka yi dokar, fiye da kashi 90 cikin ɗari na mutanen ƙasar Katolika ne. Ɗan majalisar da zai tashi ya ce a bar mashaya a buɗe ran makokin Almasihu, da wane ido zai kalli mutanen mazaɓarsa ran Lahadi?

Ranar Patrick ce ta fara fita daga jerin, a dokar 1960. Ita ma dalilin sa ta a ciki shi ne tana faɗowa cikin azumin kwana 40 na kafin Ista.

Dan_Fagge_a_Dublin:
Allah ya ƙara sani, Baba. Wato ranar Patrick ɗin nan da yanzu ba ka iya ratsa tsakiyar Dublin saboda mashaya sanye da koren kaya, da can a bushe ake yin ta? Ikon Allah.

Malam_Tsoho_Zariya:
A bushe, sai ga wanda ya san hanya. Akwai baje kolin karnuka da ake yi a Dublin a ranar, shi yana da izinin sayarwa. Sai ga mutanen da ko kyanwa ba su ajiye ba sun zama masoya karnuka na yini guda.

Sarkin_Gardama:
Yauwa, nan nake jira. Ita ma dokar Juma'ar, a lokacinta, cike take da ƙofofin baya. Matafiyi mai tikitin jirgin ƙasa ana sayar masa a tasha. Jirgin ruwa ana sha. Filin jirgin sama ana sha. Wanda ya kama ɗaki a otal ana ba shi in da abinci a gabansa. Gidan wasan kwaikwayo da filin tseren karnuka su ma suna da nasu izinin. Har sayen tikiti mutane suke yi ba don za su ko'ina ba. To wa dokar ta hana? Talakan da ba shi da kuɗin otal. Ni ban ga ibada a nan ba, Anti Ladi ki yi haƙuri.

Direban_Limerick:
Sarki, ni da na yi tuƙin tasi a ƙasar nan tun kafin a ɗage dokar, bari in ba ka abin da idona ya gani. Ran Alhamis da yamma in ka tsaya bakin babban kanti sai ka rantse an yi shelar yaƙi. Kowa ya turo keken sayayya shaƙe da katan-katan, ka buɗe but a loda, motar har tana zaunawa. Wata tsohuwa na taɓa ɗauka, jakarta ɗaya ta kifi, sauran duk kwalabe, tana ce min jikokinta ne za su zo. Daren Juma'ar kuma titi tsit, amma unguwannin ɗalibai kamar gidan biki. Mu direbobi ba ma son daren. Wanda ya sha a mashaya akwai mai ce masa ya isa, akwai lokacin tashi. Wanda ya sha a gida ba mai tsawata masa, kai za ka wanke kujerar baya da asuba.

A nan garin Limerick aka fara fasa dokar ma. A 2010 wasan zari-ruga tsakanin Munster da Leinster ya faɗo ran Juma'ar Ista a filin Thomond Park. Masu mashaya suka garzaya kotu, alƙali ya ba su izinin buɗewa daga ƙarfe shida na yamma zuwa sha ɗaya da rabi na dare. Wasu limaman coci sun yi ta faɗa, amma an buɗe, gari ya cika maƙil. Tun daga ranar na san dokar nan kwananta ya ƙare, jira kawai take a sa hannu.

Abu_Sumayya:
Ni mamakina Musulmi ya zauna yana tattauna ranar da ta dace a sha giya da wadda ba ta dace ba. Uwar laifuka ce ko wace rana. Kuma maganar gicciye ai kun san abin da Alƙur'ani ya ce.

Mai_Unguwar_Zaure:
Malam Abu Sumayya, Allah ya gafarta malam, kowa a nan ya san aƙidar kowa. Tambaya aka yi kan dokar wata ƙasa. Ba za mu buɗe muƙabala a wannan zaren ba. Wanda ya ci gaba da ita zan goge.

Ustaz_Kofar_Mata:
Mai Unguwa ya yi daidai. Abu ɗaya zan ƙara don amfanin mai tambaya. Hana abu a wani lokaci ba tare da haramta shi gaba ɗaya ba, mu ma ba baƙonmu ba ne. Kafin ayar Ma'ida ta sauka da hani na ƙarshe, ayar Nisa'i ta 43 cewa ta yi kada a kusanci salla ana cikin maye. Ka duba kuma Suratul Jumu'a, in an kira salla a bar ciniki. Ciniki halal ne, lokacin ne aka tsare. Bambancin shi ne namu nassi ne, ba majalisar da za ta taɓa shi. Nasu kuwa, yadda Malam Tsoho ya bayyana, majalisa ta sa, majalisa ta cire.

Hajiya_Maman_Ilham:
Ni aikin kula da tsofaffi nake a yankin Cork, kuma duk shekara sai sun ba ni labarin Juma'ar Ista ta ƙuruciyarsu. Wata tsohuwa da nake yi wa wanka ta ce a gidansu baƙin shayi ake sha ranar, ba madara, da busasshen burodi ba man shanu. Babanta ba ya buga ƙusa a ranar ko da ƙofa ce ta ɓalle, saboda ƙusoshin gicciye. Da rana a je coci, a biya maƙabarta. Wasu kuma ranar suke shuka dankali don neman albarka. Na tambaye ta ko ta ji haushi da aka buɗe mashaya. Ta ce ita ba ta damu da masu sha ba, ai da ma suna sha, shirun garin ne take kewa. Ta ce da, ko wanda ba ya zuwa coci ya san ranar daban take, yanzu kuwa ba ka bambanta ta da kowace Juma'a.

Sarkin Gardama, ka ce ba ka ga ibada ba. Wataƙila a wurin mai sayen tikitin ƙarya babu. Amma irin wannan baiwar Allah fa?

Sarkin_Gardama:
Hajiya, ita ba ta buƙatar ɗan sanda kafin ta sha baƙin shayinta. Shi ne maganata. Mai imani zai kiyaye ranarsa ko da doka ko babu. Wanda ba shi da shi kuwa ka kulle masa ƙofa ya bi ta taga.

Dan_Damagaram_Munich:
Sannunku da hira. A nan Jamus abin ya sha bamban, kuma yana goyon bayan abin da Madam Ladi ta faɗa tun farko. Giya ba a hana ta ran Juma'ar Ista, wa zai iya raba Bajamushe da giyarsa? Rawa aka hana. Kowace jiha da tata dokar, nan Bavariya tana cikin masu tsanani: gidajen rawa ba sa aiki, ba kiɗan nishaɗi a wuraren shan giya. Kana iya zama ka sha, amma ba ka tashi ka taka. A 2016 kotun tsarin mulki ta ce hanin Bavariya ya wuce gona da iri tunda bai bar ƙofar uzuri ko ɗaya ba, amma ba ta rushe kiyaye ranar ba. Duk shekara sai matasa sun fito zanga-zanga, zanga-zangar kuma rawa ce a fili. Kun ga kenan ba kwalbar ake nufi ba, hayaniyar ce. Kowace ƙasa ta kama abin da ta san mutanenta suna holewa da shi.

Yaro_Mai_Shayi:
Da mu ne da shayi da indomi za a hana, gari ya yi tsit.

Gimbiyar_Indiana:
Lol Yaro. A nan jihar Indiana ta Amurka sai a watan Maris na 2018 aka fara sayar da giyar tafi-da-gidanka ran Lahadi, wato wata ɗaya da Juma'ar farko da Ayilan ta buɗe. Abin da zai ba ku mamaki, cikin waɗanda suka daɗe suna kare hanin har da masu ƙananan shagunan giya. Ran Lahadi suna hutawa, ba biyan ma'aikata, kuma manyan kantuna ba sa kwashe musu ciniki. Don haka in ka ga irin wannan doka ta daɗe, kada ka duba coci kaɗai, duba aljihun wa take karewa. Kotun ƙolin Amurka ma a 1961 da ta amince da dokokin rufe kasuwa ran Lahadi, hujjarta ita ce sun zama ranar hutun kowa, ko da asalinsu addini ne.

Kawu_Sabon_Gari:
Duk wannan zagaye-zagayen Turai, ga shi a ƙofar gidanmu. Tun zamanin Gwamna Lugga aka hana sayar wa 'yan ƙasa barasar Turawa a Arewa, amma Bature yana sha a kulob ɗinsa. Aka zo shari'a a 2000, Kano ta hana, Hisba tana fasa kwalabe, amma kowa ya san mami-maket na bariki da lungunan da ake zuwa. Ƙofar baya ba Ayilan kaɗai ke da ita ba.

Bitrus_Pankshin:
Kawu, ba ɗaya ba ne. Can yini biyu ne a shekara, kuma masu sha ne suka sa wa kansu. A Najeriya Juma'ar da Litinin ɗin Ista hutu ne na ƙasa, amma ban taɓa jin an kulle gidan giya a Jos saboda ranar ba. Mu da ba ma sha ma ba mu nemi gwamnati ta yi mana wannan ba. Fasto ya yi wa'azinsa, kowa ya ji da kansa.

Abu_Sumayya:
Yini biyu ko shekara, duk abin da ya rage sha alheri ne. Ku tambayi matan mashaya.

Direban_Limerick:
Malam, in da ya rage ne ai da na fi kowa murna. Karanta abin da na rubuta a sama kan ran Alhamis.

Mai_Unguwar_Zaure:
Maganar Kano da Hisba tana da nata zaren, Kawu a kai ta can. A dawo kan tambayar Dan Fagge. Har yanzu ba wanda ya ba shi amsar yadda aka yi aka ɗage.

Malam_Tsoho_Zariya:
To, ga yadda aka yi. Ƙungiyoyin masu mashaya da masu gidajen abinci sun shekara da shekaru suna kuka cewa hutun Ista lokacin baƙi ne, mai yawon buɗe ido ya sauka Dublin ya tarar ko'ina a kulle. Ga shi a Ayilan ta Arewa, da ke ƙarƙashin Birtaniya, ana buɗewa da yamma daga biyar zuwa sha ɗaya, sai mutanen bakin iyaka su tsallaka. Wani sanata mai zaman kansa, Billy Lawless, wanda shi kansa mai gidajen abinci ne a Chicago, ya gabatar da ƙudurin. Majalisa ta amince a watan Janairun 2018, Shugaba Michael D. Higgins ya sa hannu, ran 30 ga Maris aka buɗe. Ita ma Arewar ta sassauta nata daga Istar 2022.

Amma kada a ce kuɗi ne kaɗai. Ƙasar ce ta sauya. A ƙidayar 2016 Katolika kashi 78 ne, a ta 2022 suka koma 69, masu zuwa coci kowane mako kuma sun fi haka raguwa nesa ba kusa ba. Badaƙalar cin zarafin yara da aka bankaɗo ta zubar da kwarjinin shugabannin coci. A cikin 2018 ɗin nan dai jama'a suka kaɗa ƙuri'ar cire hanin zubar da ciki daga tsarin mulki, suka kuma cire laifin saɓo. In an iya taɓa waɗannan, ƙofar mashaya ai ƙaramin alhaki ce. Wani abin lura, a shekarar kuma suka yi wata doka ta lafiyar jama'a mai tsaurara talla da farashin giya, har aka sa mata mafi ƙarancin farashi daga 2022. Hani bai tafi ba, bakin mai hanin ne ya sauya, da fada ne, yanzu likita.

Ladi_Zonkwa:
Baba Malam ka faɗi gaskiya ko da ɗaci. Amma ba kowa ya bi ba. A garin Newmarket na yankin Cork masu mashaya sun haɗa baki suka ƙi buɗewa a shekarar farko, duk da doka ta ba su dama.

Hajiya_Maman_Ilham:
Haka ne Anti, an yi ta maganarsu a nan. Kuma ba duka don coci ba. Akwai wata abokiyar aikina da mijinta ke tsaron kanta a mashaya. Ta ce da, kwana biyu ne a shekara ta tabbata yana gida, ba mai kiransa. Masu mashayar kuma ranar suke fenti da gyaran famfo. Yanzu saura Kirsimeti kaɗai. Ita ko coci ba ta zuwa, amma ta fi kowa jin zafin ɗage dokar.

Sarkin_Gardama:
To a yi dokar hutun ma'aikata mana, a kira ta da sunanta. Me ya kawo Ista ciki?

Gimbiyar_Indiana:
Sarki, wace rana za ka zaɓa da kowa zai yarda a kulle in ba wadda aka gada ba? Gwada cewa Talata ta biyu a watan Yuni ka ga ko mutum ɗaya zai rufe shagonsa.

Dan_Fagge_a_Dublin:
Na gode ƙwarai jama'a, na ƙaru. Amma akwai inda har yanzu ban gane ba. In hujjar ita ce makoki, yadda Anti Ladi da Dan Damagaram suka ce, to Kirsimeti ai ranar murna ce, ranar ci da sha. Me ya sa ita aka bar ta a kulle, aka buɗe ta makokin? Da na zaci akasin haka za a yi.

Direban_Limerick:
Don ran Kirsimeti mai mashayar ma yana son cin talo-talonsa a gida, kuma ba baƙon da ke yawo a titi. Ko bas ba ta aiki ranar. Ba wanda ya kai ƙara, shi ya sa.

Ladi_Zonkwa:
Ban yarda ciniki ne kaɗai ba, Direba. Bari in tambayi fadanmu bayan Hanyar Gicciye ran Juma'a, shi ɗan Ayilan ne ya koyar da shi a makarantar fada. Bitrus, kai ma ka tambayo mana dalilin da ya sa ku kuke yin taron asuba ran Lahadin Ista amma ba kwa azumin Juma'ar tare da mu.

Bitrus_Pankshin:
Wa ya ce ba ma yi? Anti, wannan kuma sai ki buɗe sabon zare.